Yadda Mai Fuska Mai Kusurwa Huɗu Zai Zaɓi Askin da Ya Dace da Shi

Yawancinmu a Sakkwato idan muka shiga shagon aski ɗayan abu biyu muke yi: ko mu zauna mu ce a yi mana irin na kullum, ko mu buɗe waya mu nuna hoton wani ɗan ƙwallo mu ce irinsa muke so. A duka biyun ba a duba fuskar da za ta ɗauki askin ba, alhali ita ce za ta yi yawo da shi mako biyu ko uku. Askin da ya ƙawata mai siririyar fuska yana iya mayar da kan mai faɗin muƙamuƙi tamkar akwati, ko da kuwa mai askin gwani ne, saboda an ɗora siffa a inda ba ta dace ba.

Bayanin nan na mai fuska mai kusurwa huɗu ne, wato wanda goshinsa da kumatunsa da muƙamuƙinsa suka kusa zama faɗi ɗaya, haɓarsa kuma ta zama shimfiɗaɗɗiya maimakon mai tsini. Irin wannan fuska tana da kwarjini tun daga halitta, tana kuma karɓar gajeren aski sosai, don haka babu abin ɓoyewa a cikinta. Abin da ake nema shi ne kada aski ya ƙara mata faɗin da take da shi isasshe, kada kuma ya tara mata kusurwa a kan kusurwa. Sannan akwai abin da hotunan aski na ƙasashen waje ba sa la'akari da shi, wato mu masu sanya hula ne. Mutumin da ke fita da hula tun safe har bayan Isha'i, abin da jama'a ke gani na askinsa bai wuce gefen kunne da ƙeya da saje da gemu ba, saboda haka a nan ne ya kamata a fi natsuwa.

Fara da tabbatar da siffar fuskarka

Hoton da mutum ya ɗauki kansa da hannunsa ba abin dogaro ba ne a wannan aiki, domin idan waya ta matso kusa da fuska takan ƙara wa hanci da tsakiyar fuska girma, ta rage gefe, sai muƙamuƙi ya fito siriri fiye da yadda yake. Ka sa wani ɗan'uwa ya tsaya nesa da kai kamar mita 2, ya riƙe wayar daidai tsayin idonka, kai kuma ka tsaya a inuwa mai haske, ba hula, baki rufe, ba murmushi, kana kallonsa kai tsaye. Idan kana da cikar gemu, ka jiƙa shi ka kwantar da shi tukuna domin kada ya ɓoye ƙashin da ke ƙasansa.

A kan hoton za ka gwada abu huɗu, da rula ko da tsinken tsintsiya: faɗin goshi a inda ya fi faɗi, faɗin kumatu daga ƙashin da ke ƙasan wannan ido zuwa na wancan, faɗin muƙamuƙi daga kusurwar da ke ƙasan kunnen dama zuwa ta hagu, sai tsawon fuska daga inda gashi ya fara a goshi zuwa ƙarshen haɓa. Idan ma'auni ukun farko sun yi kusa da juna, tsawon kuma bai ɗara faɗin da yawa ba, to kana cikin waɗanda ake magana a kansu. Kada ka tsaya neman su zo daidai cif, domin fuskar mutum kusan kullum tana ɗan fin faɗinta tsawo. Babbar alama ita ce gefen fuskar ya sauko a miƙe daga goshi zuwa muƙamuƙi ba tare da ya tsuke ba.

Fuskoki biyu ake yawan rikitawa da wannan. Ta farko ita ce zagayayyiyar fuska, wadda ita ma gajera ce mai faɗi, sai dai muƙamuƙinta ba shi da kusurwa. Ka sa yatsa a ƙasan kunnenka ka bi ƙashin zuwa haɓa. Idan ka ji ya karya kwana sarai kafin ya nufi gaba, kusurwa ce, idan kuwa ya lanƙwasa a hankali, fuskarka ta fi kusa da zagayayyiya. Ta biyu ita ce doguwar fuska mai miƙaƙƙen gefe, wadda take da irin wannan muƙamuƙi amma tsawonta ya fi faɗinta nesa. Wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai, domin shawarar da za ta zo a gaba ta barin gashi ya ɗan tashi a sama za ta ƙara wa mai doguwar fuska tsawon da ba ya bukata.

Bayan fuska sai kai. Ka sa a ɗauke ka ta gefe da ta baya, ka ga ko ƙeyarka shafaffiya ce ko mai tudu, ko akwai tabo ko lotsawa ko ninkin fata, ko gashi ya fara janyewa a kusurwoyin goshi ko ya fara yin shara-shara a tsakar kai. Duk gajartar aski, haka yake ƙara bayyana waɗannan abubuwa. Mai aski yana ganinsu kullum, amma ba kowane mai aski ne zai faɗa maka ba sai ka tambaya.

Ka san lambobin kilifa

Yawan saɓani tsakanin mai aski da wanda ake yi wa aski yana tasowa ne daga kalmomi irin su "a rage kaɗan" ko "kada ya yi ƙasa sosai", domin kaɗan ɗin wani ba shi ne na wani ba. Matajan roba da ake maƙala wa bakin kilifa kowanne yana da lamba, kuma a tsarin da kamfanin Wahl da masu kwaikwayonsa ke bi, lamba 1 tana barin gashi mai tsawon kusan milimita 3, lamba 2 milimita 6, lamba 3 milimita 10, lamba 4 kuma milimita 13. Akwai ta rabi, wadda ke barin kusan milimita 1.5. Idan aka cire mataji gaba ɗaya, saura kaɗan a kai fata. Wasu ƙananan kilifofi da ake sayarwa a kasuwa adadin milimita ne aka rubuta a jikin matajinsu, don haka idan ka ga 3 ko 6 ka duba da kyau ka gane wanne ake nufi.

Akwai ƙarin abu ɗaya da ya shafi irin gashinmu mai murɗewa. Idan aka tura kilifa ana bin kwanciyar gashi, yakan bar shi da ɗan tsawo da duhu. Idan aka tura ta ana saɓa wa kwanciyar, lamba ɗaya ɗin nan takan yi ƙasa sosai har fatar kai ta fara haske. Saboda haka faɗin lamba kaɗai bai isa ba, sai ka haɗa da faɗin ko kana so a bi kwanciyar gashin ko a saɓa mata.

Zaɓen askin kansa

Saisaye, wanda samari ke kira lokot, shi ne askin da na fi ba mai wannan fuska shawara a kai, musamman ma'aikaci da ɗan kasuwa da malamin makaranta da duk wanda hula ba ta barin kansa. Amma saisayen da aka bi kai duka da lamba ɗaya ba shi ne mafi kyau ba. Wanda ya fi zama shi ne a bar sama ya ɗara gefe da lamba ɗaya ko biyu, misali sama lamba 2 ko 3, gefe da ƙeya lamba 1, a haɗe su ta yadda ido ba zai ga inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara ba. Wannan ɗan bambanci yana rage faɗin kai a saitin kunne, yana kuma ba fuska ɗan tsawo, sai muƙamuƙi ya fito da kwarjininsa ba tare da ya rinjayi komai ba. Wurin da ya fi bukatar hannun gwani shi ne inda gefen kai ke lanƙwasawa ya koma sama. Idan aka bar gashi ya yi tudu a nan, an ƙara wa kai kusurwa biyu a sama bayan biyun da ke ƙasa. A ce wa mai aski ya zagaye wurin, ya bi lanƙwasar kai yadda take.

Na biyu shi ne askin da gashi ke raguwa a hankali daga sama zuwa ƙasa har ya dushe, wanda masu aski ke kira fed. A nan tambayar ita ce a ina dushewar za ta fara, kuma ina za ta tsaya. Idan aka fara ta can sama, aka kuma kai gefe duka har fata, mai wannan fuska yakan fito da tsauri, idan kuma ya ɗora hula sai ya zama babu gashin da ake gani ko kaɗan, daga bakin hula sai fata har zuwa muƙamuƙi, faɗin fuskar ya ƙara fitowa fili. Idan kuwa aka yi ta ƙasa-ƙasa, kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu a saman kunne da gindin ƙeya, za a bar baƙin gashi yana leƙowa a ƙasan hula, wanda ke yi wa fuska iyaka mai taushi. Wannan na biyun shi ne ya dace.

Ba za a yi maganar wannan aski a garin Shehu a tsallake hukuncinsa ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ƙaza'u, wato a aske wani sashe na kai a bar wani sashe, kuma a ruwayar Abu Dawuda ya ce a aske shi duka ko a bar shi duka. Malamai da yawa sun ɗauki hanin a matsayin karhanci. Game da askin zamani kuwa, akwai masu bambanta askewa har fata da rage tsawo kawai, akwai kuma masu tsanantawa a kan duk askin da bambancin sama da gefensa ya fito ƙarara. Wanda yake da shakka ya tambayi malaminsa. Abin da zan iya cewa a ɓangaren ado shi ne, hanyar da ta fi nisa da saɓanin, wato kada a kai gefe har fata kuma kada tazarar sama da gefe ta yi yawa, ita ce kuma ta fi yi wa wannan fuska kyau, don haka mai ita ba ya asarar komai idan ya bi ta.

Na uku shi ne tara suma. Saurayin da ba ya yawan sanya hula, kamar ɗalibin jami'a, yana iya barin sama ya kai santimita 2 zuwa 4, a gyara shi da almakashi ko da kilifa a kan mataji ya zama zagayayye, tsakiya ta ɗan fi tashi, gefe kuma a matse shi. Sharaɗin shi ne sumar ta tashi sama, kada ta buɗe gefe. Afro mai faɗi a saitin kunne yana ninka faɗin fuska, askin da ake shafe samansa ya zama fili kuma shi ne mafi rashin dacewa a duk askin da na sani ga mai wannan siffa, domin yana maimaita layin haɓa a saman kai. Ga mai hula kuwa tara suma wahala ce kawai: hular za ta danne ta, ta bar mata zobe, kuma a watannin Maris zuwa Mayu da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, gumi zai taru a ƙarƙashinta.

Na huɗu shi ne ƙwal-kwabo, askin iyaye da kakanni, wanda wanzami ke yi da aska. Wannan fuska tana cikin waɗanda suka fi ɗaukarsa, domin ƙarfin muƙamuƙi yana hana fuskar yin fayau idan babu gashi. Ga wanda sanƙo ya ci gabansa ko tsakar kansa, wannan ko lamba rabi ya fi ƙoƙarin rufe wurin da sauran gashi. Sai dai yana son gemu, ko da gajere ne, yana kuma son kai marar yawan tabo.

Gaban goshi

Bahaushe ya ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, kuma a nan ne ake yawan ɓata askin da aka fara da kyau. Abin da ake yayi shi ne a fitar da layin goshi a miƙe, a karya kusurwa mai kaifi a kowane gefe. A fuskar da take zagayayyiya wannan yana taimakawa, domin yana ba ta kusurwar da ta rasa. A fuska mai kusurwa huɗu kuwa yana rufe siffar ta sama kamar yadda haɓa ta rufe ta ta ƙasa, sai tsaurin ya yi yawa. Abin da ya fi shi ne a bi layin da Allah ya halitta, a share 'yan gashin da suka fito waje, a bar kusurwoyin da ɗan lanƙwasa. Wanda yake son kaifin layi yana iya samunsa a tsakiyar goshi, a sassauta a gefe.

Babban abin tsoro shi ne cin layi. Duk lokacin da mai aski ya matsa baya kaɗan domin layi ya fito tsaf, bayan kwana uku ko huɗu gashin da aka aske zai tsiro ya bar inuwa a gaban layin, mako mai zuwa kuma a sake matsawa baya domin a gyara. A haka goshi ke ƙara faɗi da tsawo a idon mai kallo, kuma mai wannan fuska goshinsa da ma yana da faɗi. Idan an riga an ci maka layi, maganin shi ne haƙuri: gashin kai yana tsirowa kusan santimita ɗaya a wata, don haka ka hana a taɓa wurin na makonni uku zuwa huɗu, ko da zai yi ɗan rashin tsari. Baƙin da ake fesawa ko shafawa domin cike layi ba ya jure gumi da alwala, kuma wasu nau'o'in baƙin rini suna sa fata ƙaiƙayi da kumburi, shi ya sa masu yin su ke cewa a gwada a ɗan wuri a jira awa 48.

Saje, gemu da gashin baki

Ga mai hula, gemu ya fi askin kai tasiri a kan yadda fuska ke fitowa, domin shi ne yake zaune a kan muƙamuƙin kansa. Ƙa'idar ɗaya ce da ta kai, sai dai a juye: gefe ya kwanta, tsawo ya tafi ƙasa. Gemun da ya cika a kumatu ya buɗe dama da hagu yana ƙara faɗi a daidai inda fuskar ta fi faɗi. Wanda aka rage gefensa aka bar haɓa ta fi tsawo, aka kuma zagaye ƙarshensa, yana jan fuskar ƙasa ya ba ta tsawo. Abu biyu ne ba su dace ba: yanke ƙasan gemu a miƙe, da kuma siririn saje da ake bi da shi kan ƙashin muƙamuƙi daga kunne zuwa kunne, wanda aikinsa kawai ja wa kusurwar layi.

Mutane da yawa a nan suna barin gemu ne domin bin sunna, kuma ba sa son a taɓa shi. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an kawo umarnin barin gemu ya cika, an kuma kawo cewa Imam Malik bai ga laifi ba a rage tsawonsa idan ya yi tsawo sosai. Wanda ya zaɓi kada ya rage komai yana iya samun siffar da ake nema ba tare da almakashi ba: bayan wanka, tun gemun yana da danshi, ya shafa masa ɗan man zaitun ko man kaɗanya, ya taje gefen yana kwantar da shi zuwa ƙasa da gaba, ya tattara tsawon a haɓa. Idan aka lizimci haka kullum, gashin yakan saba da kwanciyar.

Ga mai gyarawa, iyakar gemu ta wuya ta tsaya kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu a saman zakaran wuya, ta lanƙwasa zuwa bayan kunne. Idan aka hau da ita har kan ƙashin muƙamuƙi, kusurwar za ta fito tsirara. Iyakar kumatu kuma a bar ta kusa da inda ta tsiro. Saje shi ne gadar da ke haɗa kai da gemu, don haka a rage shi a saitin kunne ya yi daidai da gefen kai, sannan ya riƙa cika a hankali yana saukowa. Wanda ba ya da gemu ko ba ya barinsa, ya tsayar da sajen a tsakiyar kunne. Gashin baki a rage shi har gefen leɓe ya bayyana, wanda shi ne abin da aka sani a mazhabar Malik, kada kuma a ja shi ya yi faɗi ya wuce kusurwar baki da yawa.

Gwada askin da hularka

Ka tafi shagon aski da hular da ka fi sanyawa, ka ɗora ta kafin a fara domin mai aski ya ga inda bakinta ke tsayawa, ka sake ɗora ta kafin ka tashi. Doguwar hula irin Zanna Bukar tana yi wa wannan fuska aikin da suma za ta yi, wato ƙara tsawo, musamman idan aka yi mata kari aka ɗan karkata ta. Gajeriyar hula mai shafaffen sama tana ƙara fito da faɗi, ƙaramar hular da ke manne wa kai kuma ba ta ƙara tsawo ko kaɗan, don haka mai son ta ya dogara da tsawon gemu. Haka abin yake ga tabarau: mai ɗan zagaye ya fi mai kusurwa zama a wannan fuska.

A kujerar mai aski

Ka faɗi abin da kake so kafin a kunna kilifa, a taƙaice kuma da lamba. Misali: "Malam, sama lamba 2 nake so, a bi kwanciyar gashi. Gefe da ƙeya a sauko da su a hankali zuwa lamba 1, kada a kai fata. Gaban goshi a share abin da ya fito kawai, don Allah kada a ci layi." Idan askin sabo ne a gare ka, a fara da lambar da ta fi tsawo, domin ana iya ragewa daga baya amma ba a iya mayarwa. Ka nemi a nuna maka ƙeya da madubi na biyu. Ƙeyar da aka yanke a miƙe tana sa wuya ya yi kauri a ido, kuma masu wannan fuska da yawa wuyansu da ma kakkaura ne, don haka a dusar da ita a hankali ya fi.

Maganar tsabta ba ta da sassauci, ko a shagon zamani ne a Mabera ko Arkilla, ko a gaban wanzami da zabirarsa a bakin kasuwa. Ƙwayar cutar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a kan ƙarfe har kwana 7 ko fiye, kuma ɗan yankan da ido ba ya gani ya isa ta shiga jiki. Makero ma ta kayan aski yake yawan yaɗuwa, musamman tsakanin yara. Reza ta zama sabuwa, a buɗe ta a gabanka. Kilifa a kakkaɓe gashin da ke bakinta da buroshi tukuna, sannan a jiƙa bakin da sifirit a bar shi ya ɗan jima, domin wucewa da wutar ashana ko ta laita sau ɗaya ba ya wadatarwa. Mafi kwanciyar hankali shi ne mutum ya sayi kilifarsa mai caji ya riƙa zuwa da ita, wadda kuma ke raba shi da zaman jira idan an ɗauke wuta. Akwai allurar rigakafin wannan ciwon hanta, kuma ya kamata duk mai zuwa aski ya bincika ko ya yi ta.

Masu gashi mai murɗewa suna yawan fama da ƙurajen aski, domin gashin da aka yanke ƙasa sosai yakan lanƙwaso ya soki fata yayin tsirowa. Idan kana cikinsu, ka bar reza a wuya da ƙeya, a tsaya a lamba rabi ko 1, a kuma bi kwanciyar gashi. Ƙurajen ƙeya masu tauri da ke haɗuwa su zama tudu suna bukatar likitan fata tun suna ƙanana, a babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, domin idan suka zama tabo gashi ba ya sake fitowa a wurin. Matsattsiyar hula da wuyan riga mai gogar ƙeya suna ƙara tsananta su.

Bayan an tashi daga kujera

Saisaye mai dushewa a gefe yakan riƙe siffarsa kwana 10 zuwa mako biyu, daga nan gefen zai fara cika, faɗin da aka rage ya dawo. Ba dole ne a sake askin duka ba. Ana iya rage gefe da ƙeya kawai a bar sama sai zuwa na gaba. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, fatar kai tana bushewa ta yi fari, gajeren aski kuma yana bayyana hakan, don haka a shafa mai kaɗan bayan wanka. A bazara kuwa a rage mai, a yawaita wanke kai, a kuma riƙa wanke hula ko sauya ta, domin gumin da ya taru a bakinta yana haifar da ƙuraje a goshi.

Kada ka yanke wa sabon aski hukunci a ranar da aka yi shi. Ka bari ya kwana biyu, ka sa a sake ɗaukar ka hoto daga nesa kamar na farko, da hula da kuma babu hula, ka ajiye su gefe da gefe. Idan akwai abin gyara, ka sauya abu ɗaya kawai a zuwa na gaba, ko lambar sama, ko tsayin dushewa, ko tsawon gemu, domin ka gane wanne ne ya kawo bambancin. Daren Sallah da jajiberin ɗaurin aure ba lokacin gwaji ba ne, saboda layi yana da tsawo kuma hannun mai aski yana sauri. A yi gwajin mako uku kafin nan. Idan ka samu wanda ya zauna maka, ka rubuta lambobinsa a waya tare da hoton gaba da gefe da baya, ta yadda ranar da mai askinka ya yi tafiya, duk wanda ka samu a shagon zai iya maimaita shi.